Kafin ka tura nairarka don sayen kirifto

A shagunan cajin waya da gindin lemar masu POS a Kontagora, yanzu za ka ji samari na maganar farashin kirifton nan na USDT kamar yadda 'yan kasuwa ke maganar buhun masara. Tun guguwar wasan Hamster Kombat a 2024, lokacin da yaro da babba suka duƙufa dangwalar waya dare da rana, kirifto ya shiga bakin kowa. Wasu sun wuce dangwale, sun fara zuba kuɗin aljihunsu.

Manhajojin da muke tura kuɗi da su, irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, naira suke ɗauka. Mai son kirifto sai ya shiga dandalin ciniki, ya zaɓi mai sayarwa, dandalin ya riƙe kayan a hannunsa, mai saye ya tura naira, sannan a sakar masa. Wannan riƙon da dandali ke yi shi ne kaɗai garkuwarka. Don haka duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai yi maka ragi, so yake ya ja ka inda babu shaida. Kana turawa zai toshe lambarka.

Mai sayarwa ma ba a bar shi ba. Za a aiko masa hoton rasit ko alat na bogi, ana ta azalzalarsa: "Malam, na tura fa, saki mana!" Kada ka saki sai ka buɗe manhajarka ka ga kuɗin da idonka. Ko sun shigo ɗin, duba sunan wanda ya turo. In ya saɓa da na wanda kuke ciniki, mai yiwuwa kuɗin damfara ne ko na fansa ake wankewa ta asusunka, kuma ranar da aka biyo sawu, asusunka za a rufe, kai za a nema. A 2024 waɗannan manhajoji da kansu sun gargaɗi jama'a cewa za su rufe asusun da aka kama da hada-hadar kirifto.

Sai batun turawa. In ka yi kuskuren lambar asusu a banki, akwai inda za ka kai kuka. Kirifto kuwa in ya fita, ya fita. Adireshinsa dogon jerin haruffa ne da lambobi, kuma USDT ɗaya na bin hanyoyi daban-daban, kamar TRC20 da ERC20. In ka zaɓi wadda mai karɓa ba ya kanta, kuɗin na iya salwanta. Fara tura kaɗan na gwaji.

Ta fuskar doka, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC. Amma doka ba ta hana dandalin CBEX rufewa da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 ba, bayan alkawarin ninka jari cikin wata guda. Wanda ya tuna damfarar MMM ta 2016 ya san salon.

Kalmomin sirri 12 da lalitar ajiye kiriftonka ta ba ka ranar buɗewa kuwa, rubuta su a takarda ka adana a gida. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka karanta wa mai gyaran waya, ko wani da ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.