Fim Kan Siyasa: Jarin da Ba Kowa ke Iya Zubawa Ba

A shekarar 1983 ne Eddie Ugbomah ya fito da fim ɗinsa kan kisan Janar Murtala Muhammed. Bayan shekara uku, shirin SAP ya karya darajar Naira, har kayan silima da ake shigowa da su suka gagari masu sana'ar. Kaset ɗin bidiyo ne ya cece su da araharsa.

Sai dai araha ba ta kawar da kasada ba. Tun 1993 doka ta wajabta tace kowane fim kafin ya shiga kasuwa, kuma wanda aka hana fitowa, jarinsa ya nutse ke nan. Shi ya sa dillalai suka fi zuba kuɗi a labarin soyayya, mai fim ɗin siyasa kuwa ya dogara da aljihunsa.