Dubi fuska kafin a ja tsaga

Zancen yau na masu dogon gashi ne, da masu kitso, da ma magidantan da ke biyan kuɗin kitson ba tare da sun san sunansa ba.

Akwai wani bawan Allah, J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto ɗan jihar Edo, wanda ya rasu a Legas a 2014. Tun 1968 ya shiga bin mata da kyamara, a titi, a ofis, a wurin biki, yana ɗaukar kitsonsu. Sai da ya tara hoto kusan 1,000, baƙi da fari, har aka baje wasu a babban bikin zane-zane na birnin Venis a Italiya a 2013. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yawancinsu daga ƙeya ya ɗauke su. Daga ƙeya fa! Ga tsaga siririya ta miƙe sak, ga kitso ya hau sama ya tsaya ƙyam, amma fuskar mai kan, babu ita.

Shi kitson ne ya dame shi. Ke kuwa 'yar'uwa, in kin shiga gidan suna, fuskarki za a fara kallo. Shi ya sa in kin miƙa wa mai kitso waya kin ce irin wannan kike so, ƙwararriya sai ta ajiye kibiya, ta ɗaga haɓarki, ta juya ki hagu da dama, ta ce, "Hajiya, wannan ba zai karɓe ki ba." Kada ki ji haushi, gaskiya ta faɗa miki.

Ga abin da take dubawa. Tudu a tsakar ka yana ƙara wa fuska tsawo, cika a gefe yana ƙara mata faɗi. A sake ji: tudu tsawo, gefe faɗi. Mai zagayayyiyar fuska da kumatu, shuku nata ne, ko doka irin ta kakanninmu. Mai doguwar fuska kuwa ta bar wa wasu shuku, ta nemi kalaba mai zubowa gefe, ko kitson Fulani mai saukowa ta gaban kunne. Mai faɗin goshi, a ja mata tsaga ta gefe, kada a kwashe gashin duka baya. Kuma kada ki ce ai ɗankwali zai rufe. Shukun da ke ƙasa shi ke ɗaga ɗaurin, tsawon yana nan.

Sai almakashi. Masu cewa datse bakin gashi yana sa shi saurin tsawo, ni dai ban yarda ba. Daga saiwa yake fitowa, wajen santimita 1 a wata, an datse ko ba a datse ba. Amfanin datsewa, bakin da ya tsage ba zai ci gaba da tsagewa sama yana karyewa ba. Mai miƙaƙƙen gashi in za a yanka mata hawa-hawa, hawan farko ya sauka ƙasa da haɓa idan fuskar zagayayyiya ce.

A gurguje: kitson da ya hana ki barci, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, a tsefe shi, domin jan nan ne ke cinye gashin gaba, wani ma ba ya dawowa.