Ma'ana da Asalin Kalmar "Apartheid" da Fassararta a Hausa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin kalmar "apartheid", wadda Hausawa suka fassara da wariyar launin fata, domin a ga asalinta da kuma ko fassarar ta ɗauke ma'anarta duka.

Asalin Kalmar

Kalmar ta fito ne daga Afirkans, harshen Turawan Afirka ta Kudu waɗanda akasarinsu jikokin mutanen Holan ne. Gaɓoɓinta biyu: "apart", watau a ware, da ɗafin "heid" mai yin aiki irin na ɗafin "ntaka" a Hausa. Ke nan ma'anarta ta asali ita ce keɓantaka kawai, babu ambaton launi a cikinta.

Aikin ya girmi sunan, domin tun 1913 aka kafa dokar da ta taƙaita wa baƙaƙe mallakar fili ga kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar. Kalmar ta shahara ne a zaɓen 1948, lokacin da jam'iyyar D. F. Malan ta ɗauke ta a matsayin take, ta kuma ci zaɓe. A 1950 aka yi dokar rajistar jama'a, wadda ta tilasta a sa kowa cikin wani jinsi, da dokar raba unguwanni. Da sunan ya ɓaci a duniya, gwamnatin Verwoerd ta sauya masa riga, ta kira shi ci gaban kowa daban.

Fassarar Hausa

"Wariya" daga "ware" take, saboda haka ta yi daidai da asalin kalmar. Ƙarin "launin fata" kuwa ya tona abin da masu tsarin suka sakaya. Sai dai fassarar tana da giɓi. Dokar 1950 ta dubi kamanni, ta kuma dubi yadda jama'a suka ɗauki mutum. Bugu da ƙari, a shekarun 1960 an ba Japanawa matsayin farare saboda ciniki. Wannan ya nuna cewa mulki da dukiya ne tushen tsarin, launi kuwa hujja ce ta fakewa.

Kammalawa

An soke dokar rajista a 1991, aka yi zaɓen gama-gari a 1994. Amma kalmar ta zauna a dokar duniya, domin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1973 ta ayyana tsarin a matsayin laifi ga bil'adama. Don haka ya kamata mai fassara ya bambanta ƙyamar da ke zuciyar mutum da wariyar da hukuma ta mayar doka, tunda Hausa da suna ɗaya take kiran su.