Tsatsa Ba Ta Jiran Mai Fenti

Titin Zariya, wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Na'ibawa, ya daɗe da sanin manyan motoci. A kansa aka kafa kamfanin harhaɗa manyan motoci na NTM, haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Fiat na Italiya, a shekarun 1970. Har yau akan ga tsofaffin Fiat da Marsandi 911 jibge a gareji, inji da sauran ƙarfinsa, bodi kuwa ya zama rariya.

Bushewar iskar Kano ce ke yaudararmu. Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ta sami iska da danshi tare, kuma takan yi sanyin jiki idan danshin iska ya gaza kashi 60 cikin ɗari. Shi ya sa mai gyaran bodi zai kankare fenti a Janairu, ya bar ƙarfe tsirara kwana da kwanaki yana ƙyalli, ya ɗauka haka abin yake kullum. To, ya gwada a Agusta. Ƙarfen da aka goge da yamma, kafin gari ya waye ya yi ja. Ko tafin hannun yaron gareji ya isa, domin gishirin gumi kan bar shatar yatsu biyar a jikin ƙofa.

Motocinmu kuma ba ruwan sama kaɗai ke cin su ba. Wadda ta shekara tana kai shanun Wudil kudu ta sha fitsari da kashi, wata ta yi dakon gishiri da takin zamani, ga ruwan batir da ke ɗiga kan shasi.

Saboda haka ranar da aka kankare, ranar za a rufe. A goge da samfefa, a wanke maiƙo da tina, a shafa maganin tsatsa mai asid na fosfarik, wanda ke mayar da ragowarta baƙin ɓawo mai riƙe fenti, sannan a fesa firaima ta ifoksi. Ita kuwa ɗaya firaimar, mai ruwan toka, ta arha, tana shan danshi, haka ma bodifila. Wanda ya laƙaba bodifila kan tsatsa don mai mota ya ga santsi, ha'inci ya yi, kuma damina za ta tona shi idan fentin ya fara kumbura. Inda ƙarfe ya huje, a yanke a yi walda, a kuma rufe bayan waldar, don zafin wuta ya ƙone abin da ke kare shi.

Baƙin mai da wasu ke shafawa yana korar ruwa, ba musu, amma fenti ba ya zama a kansa. Gurbinsa cikin ƙofofi da lungunan shasi, bayan an gama fenti. A can ma sai an zurkuɗe ramukan da ruwa ke fita, waɗanda ƙurar hunturu ke toshewa duk shekara.