Zazzaɓin Gado Na Bahar Rum, In Magani Ya Ƙi Ci

A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, musamman cikin Turkawa da Armeniyawa da Larabawa da Yahudawa, akwai wani zazzaɓi wanda ba sauro ke kawo shi ba, gadonsa ake yi daga iyaye. Yakan kwantar da mutum kwana ɗaya zuwa uku da ciwon ciki mai tsanani, har wani sa'i likita ya tsaga cikin a banza. Sa'an nan ya sake shi sarai, ya kuma komo.

Maganinsa ƙwaya ce, kolcisin, wadda likita Goldfinger na Amurka ya bayyana amfaninta a 1972. Ba zazzaɓin kaɗai take tarewa ba. Babban aikinta shi ne hana wani abu mai suna amiloyid taruwa a ƙoda, gama shi ne ke kisa.

To, amma mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ba ta yi musu. Likita mai hankali ba ya gaggawa. Yakan fara binciken ko majinyacin na shan ta kullum, don gudawa kan sa wasu su bari a ɓoye. Sai ya ƙara adadinta iyakar abin da jiki zai ɗauka.

In duk ya faskara, sai allura mai tare sinadarin da ke hura kumburin, watau intalukin-1: anakinra kowace rana, ko kanakinumab bayan kowane mako huɗu, wadda Amurka ta yarda da ita a 2016. Tsadarsu kuwa ba ta talaka ba ce. Ko da an sami sauƙi, ba a barin kolcisin, saboda ƙoda.