Ko Kun Sani? Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

Ko kun san cewa ƙurar da ta fi illa a ramin haƙar ma'adinai ita ce wadda ido ba ya gani? A manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa, ana fesa kankare a bango da rufi don kada su rufta. Manyan ɓurɓushi suna zubewa nan take kusa da bakin tiyo. Ƙananan kuwa suna rataye a iska, su bi ta har inda masu aiki suke can nesa, su shige ƙuryar huhu. Shi ya sa injiniyoyi suka fi son a kwaɓa kankaren da ruwa kafin a fesa.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana kuɗarsu da ƙurar ma'adinai. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana niƙa busasshen dutsen zinariya a tsakar gida, wani lokacin da injin niƙan hatsi. Ƙura mai gubar dalma ta sauka a ƙasar da jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki, ta kashe yara sama da 400. Abin takaici, a 2015 aka sake ganin irin haka a Rafi ta Jihar Neja.

Daga baya ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka gwada yayyafa ruwa wajen haƙa da niƙa. Dalmar da ke cikin iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Wannan zance ya shafe mu kai tsaye, domin a Yawuri da Fakai, cikin jiharmu ta Kebbi, ana haƙar zinariya da hannu.