Noma Cikin Gandun Daji: Ina Rabon Manomi?

Duk wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Nyinahin zai hangi tsaunukan gandun dajin Tano Offin. A ƙauyukan da ke gindin waɗannan tsaunuka ƙasar noma ta yi ƙaranci, dajin kuwa na gwamnati ne, ba a shiga a sara. Cikin masu neman inda za su kafa fartanya a wurin har da 'yan'uwanmu baƙi da suka gangaro daga Arewa.

Dabarar da gwamnatin Gana ta ɗauka sunanta taungya. Kalmar daga ƙasar Bama ta fito, ma'anarta noman tudu. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ta nan a shekarun 1930. Ana yanka wa manomi fili a inda daji ya lalace, ya dasa itatuwan katako irin su tik da ofram, ya shuka masara da makani da ayaba da barkono a tsakaninsu. Amfanin gona nasa ne, itace na hukuma.

A nan gizo ya yi saƙa. Bayan kamar shekara 3 inuwa takan rufe gona, sai a ce manomi ya tashi. Da yake ba shi da ko sisi a itacen, wasu suka riƙa kashe dashen don su daɗe suna noma. A 1984 aka dakatar da shirin.

A 2002 aka dawo da shi da gyara. Idan itace ya isa sara aka sayar, manomi yana da kashi 40 cikin 100, Hukumar Gandun Daji 40, masu ƙasa da sarakunansu 15, jama'ar ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin 5. Hukuma ce ke ba da dashe, manomi kuma shi ke shema da tsare dajin daga gobara.

To, amma tik yakan kai shekara 20 ko fiye kafin ya isa sara. Daga ranar da inuwa ta rufe har zuwa ranar sara, babu abin da manomi ke samu a filin. A wurare da dama kuma an yi shekaru ana aiki ba a sa hannu a takardar rabo ba.

Wannan ne ya fi shafarmu. Baƙo ba shi da dangin da za su tsaya masa a fadar sarkin ƙasa, takarda ce kaɗai shaidarsa. Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da limamai su faɗakar da jama'a. Duk wanda ya karɓi fili ya tabbata an rubuta sunansa daidai da na katin shaidarsa, ya karɓi kwafin yarjejeniya ya adana, ya kuma sa a rubuta magajinsa. Matan da ke wahala a gonar su ma a sa nasu sunan. Allah ya ba mai guminsa haƙƙinsa, amin.